Alhaji Hankaka, Rafalin Park Hill

Yaya Ramatu ce ta ce lallai in tashi in ce wani abu tunda an shafa addu'a, kuma ta gargaɗe ni kada in sa mutane kuka. To bari in fara da tambaya. Tsakaninku da Allah, akwai wanda ke zaune a ɗakin nan da Alhaji Hankaka bai taɓa ɗaga wa kati ba? Ya ɗaga hannu mu gan shi. Kun gani ko? Babu! Har Liman ya sunkuyar da kai.

Mutumin nan ko masallaci zai je, katunansa biyu na tare da shi. Ruwan ɗorawa a aljihun ƙirji, ja a aljihun gefe, usur rataye a wuya kamar laya. Direban bas ya wuce tasha bai tsaya ba, kati. Wani ya tofar da yawu a lifta, kati. Mai shago ya sa waya a kunne yana awo, kati. Liman kuwa laifinsa jan huɗuba. Alhaji bai taɓa katse shi ba, yana da ladabi, sai dai ya zauna a sahun gaba ya riƙa ƙwanƙwasa agogonsa da ɗan yatsa. Bayan an sallame ya bi shi har bakin ƙofa, ya zaro na gargaɗin a hankali yadda jama'a ba za su gani ba, ya ce, "Malam, ɓata lokaci."

Ni da nake ƙanin matarsa, ai ni ne abincinsa. Ranar da na fara kai masa ziyara a unguwar Park Hill ban ko zauna ba na samu nawa.

Na ce, "Yaya, me na yi?"

Ya ce, "Ba ka yi komai ba tukuna. Na san ka ne."

Ga 'yan baya da suka tarar da shi da gemu da carbi, bari in faɗa muku asalinsa. Bature ne ɗan ƙasar Holan, dogo kamar falwaya, sunansa na gida Henk. Malamin makaranta ne a garinsu, kuma alƙalin wasan ƙwallo na gaske, irin wanda ake saka wa a jirgi a kai shi wata ƙasa ya busa wasa tsakanin ƙasa da ƙasa. Ya ce tun yana saurayi ya gane ƙwallo ba ta son ƙafarsa, in ya nufi gabas sai ta yi yamma, don haka ya yanke shawarar in ba zai iya bugawa ba, to zai hana masu bugawa sakat. An zage shi da harsunan Turai kusan duka, kuma yana alfahari da haka. Yakan ce zagin mutanen kudu ya fi daɗin ji, amma na gabas ya fi shiga jiki.

Dab da zai ajiye aiki aka turo shi Kumasi ta ƙasar Gana ya koyar da alƙalan wasa. Wani mara tausayi ya roƙe shi ya busa wasan unguwa, don ɗalibai su ga yadda ake yi. Wayyo! Ana shirin tashi, ya ba da fenariti a kan masu gida. A Kumasi! Shi a tunaninsa za a yi ihu ne a watse, irin na garinsu. Da ya ga ana tuɓe takalma ana tsintar duwatsu, sai dogayen ƙafafun nan suka yi amfani. Ya keta kasuwa, ya faɗa Zongo, ya ga ƙofa a buɗe ya afka. Gidanmu ne. Ina tsakar gida ina wanki, Yaya Ramatu na gaban murhu tana dafa waakye, wato shinkafa da wake, na sayarwa.

Wallahi Yaya ko tambaya ba ta yi ba. Ta kalle shi, ta ji hayaniya na matsowa, ta ɗebi tafasasshen ruwa a kwano ta tsaya a bakin zaure.

Ta ce, "Duk wanda ya tsallako nan, da fatarsa zan yi miya."

Matasa suka ja birki, don sun san ta. Ana cikin lallashi, ana cewa a miƙo shi a ɗan yi masa magana kawai, sai Baturen ya leƙo daga bayan duro yana haki, ya ɗaga yatsa ya ce da Turanci shi dai har yanzu fenariti ne.

Yaya ta juya ta daka masa tsawa. "Kai hankaka, rufe mana baki!"

Kun san kayan alƙalan da, baƙi wuluk da farin wuya. Bayan an watse ta zuba masa abinci ta tambayi sunansa. Ya ce Henk. Ta ce, "Ashe ma na canka."

Washegari ya dawo godiya. Jibi ya sake dawowa godiya. Ya koma ƙasarsu, bayan 'yan watanni sai ga shi, wai ya tuna bai gama godiya ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da shi ya ce, "Bature, godiyar nan ta fi ƙarfin waakye. Faɗi abin da ke tafe da kai." Da aka zo maganar addini, abin da ya fara tambaya shi ne dokokin nawa ne. Baba ya ce shika-shikan biyar ne. Ya zaro ido ya ce, "Biyar kacal? Ƙwallo fa goma sha bakwai ce!" Ya karɓi shahada aka sa masa Haruna, sunan da tun daga ranar ban ƙara jin wani ya kira ba sai a bakin Liman ranar jana'iza.

Bayan an ɗaura aure sun daɗe a Holan. Da 'yarsu Amina ta yi aure ta samu aikin jinya a nan Staten Island, Yaya ta ce ita ba za ta zauna ta ga jikokinta a waya ba. Ta haɗa kaya. Shi kuma ya haɗa kekensa. Ni lokacin na riga na daɗe a nan ina jan tasi.

Wannan keke! Baƙi, mai nauyi kamar injin niƙa, ya girmi Amina. Da shi yake hawa tudun Staten Island, ana ruwa, ana ƙanƙara, jallabiya a soke cikin safa. Na sha tsayawa a gefensa da mota ina roƙo.

"Yaya, shigo in sauke ka, kyauta ne."

"Sule, babu kyauta a motarka. Sai na saurari labarinka."

Rowa kuwa, ku yi mini shaida, ban ce marigayi marowaci ba ne. Shi ya ce tsari ne. In ka je gidansa zai haɗa maka kofi da hannunsa, ya ɗauko gwangwanin biskit, ya buɗe, ya miƙo. Kana ɗaukar ɗaya, ƙwas! Ya rufe ya mayar saman firji, inda shi kaɗai hannunsa ke kaiwa. Alhaji Idi, ga shi can zaune, mutumin Maraɗi mai shago a Port Richmond, ranar farko ya ɗauka wasa ne. Ya cinye nasa ya zauna yana kallon firji.

Ya kira shi da Faransanci, wato malam alƙalin wasa, ya ce, "Mushe Larbit, biskit ɗin nan maraya ne? Ba shi da 'yan'uwa?"

Alhaji Hankaka ya ce, "Yana da su. Suna benci."

Tun daga nan suka ƙulla abota ta faɗa. Idi na yi masa dariyar Hausarsa ta Zongo, wadda ba ta san mace ba, kowa "shi" ne. Zai ce, "Ramatu ya tafi aiki, shi ya gaji." Idi ya ce, "Subhanallahi, wa ka aura ne?" Shi kuma ya rama da cewa Hausar Idi rabinta Faransanci ne, a biya ta haraji kafin ta shigo.

Amma ranar da ya kusa rasa aurensa ita ce a shekarar dubu biyu da goma, lokacin gasar kofin duniya. Mutanen Gana, ku yi haƙuri zan taɓo mikin. Mun cika feri, jirgin ruwan fito, mun tafi Harlem, wani gidan abinci mai babbar talabijin, da tutoci da ganguna. Yaya ta ɗauki hutu daga aikinta na kula da tsofaffi, ta ɗaura tuta a kai. Kun san abin da ya faru. Wasa ya zo ƙarshe, ƙwallonmu na shiga raga, wani ɗan banza ya sa hannu biyu ya kaɗe ta kamar gola. Aka ba shi jan kati, aka ba mu fenariti, ta daki ƙarfe ta tashi sama. Aka je bugun raba gardama aka cire mu. Manyan mutane na birgima a ƙasa. Wani mai sayar da turare ya fita ba takalmi, sai a tashar jirgi aka tsinto shi.

Cikin wannan makoki sai muka ji tafi. Taf, taf, taf. Muka waiga. Alhaji Hankaka ne a tsaye, fuskarsa har sheƙi take.

Ya ce, "Kun ga alƙali? Yana daidai wurin! Bai yi shakka ba! Jan kati, fenariti. Kyakkyawan aiki!"

Ashe duk tsawon wasan shi ba 'yan ƙwallo yake kallo ba. Da ba don furfurarsa ba, da abin da aka fasa yi masa a Kumasi an ƙarasa shi a Harlem. Muka hau feri za mu koma gida. Muna tsakiyar ruwa Yaya ta dube shi ta ce, "Da na sani, da na matsa daga bakin zauren nan." Ta kulle tukunyarta. Bawan Allah ya koma cin burodi da cuku safe da yamma, yana bin ta daga ɗaki zuwa ɗaki yana bayanin doka.

Allah da ikonsa, ƙasarsu ta kai wasan ƙarshe. Muka ce yawwa! Muka yi gayya muka cika falonsa, har da 'yan Nijar da ba ruwansu, kowa ya zo goyon bayan abokan hamayya. Ana cikin wasa wani ɗan ƙasarsu ya ɗaga ƙafa ya dasa wa mutum a ƙirji, alƙali ya ba shi na gargaɗi kawai. Muka yi ca, muna jiran ya kare ɗan'uwansa. Ina! Ya fi mu ihu. "Ja ne! Ja ne wannan! Fitar da shi!" Har daɗin tsokanar ya ragu. Da aka zura musu ƙwallon da ta kashe su, ya miƙe tsam, ya ce sakamako daidai ne, ya shige banɗaki ya kunna famfo. Ya daɗe. Ya fito ido jawur.

Idi ya ce, "Mushe, kuka ka yi?"

Ya ce, "Sabulu ne."

Ya sauko da gwangwanin biskit ya ajiye a tebur, ya manta bai rufe ba. Jama'a, muka yi masa tas, har garin ƙasa. Yaya ta kalle shi yana zaune yana kallon bango, ta tashi ta ɗora tukunya.

Sai maganar wasan Sallah. Kun san duk shekara bayan Babbar Sallah 'yan Gana da 'yan Nijar muna karawa a filin shaƙatawa, ni ke riƙe da namu yaran, Idi ke riƙe da nasu. Kafin zuwan Alhaji ba a taɓa gama wasan nan da ƙafa ba, da baki ake gama shi, wani lokaci da kujera. Da ya karɓi usur abin ya zama wasa. Ya kori ɗan shugaban ƙungiyarmu. Ya kori wani Alhaji daga cikin 'yan kallo. Ni ya taɓa korata tun ba a fara ba, wai kallon da nake masa ƙeta ne. Kuma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya. In ka matsa masa sai ya ce, "Na gani. Kai ka ji labari ne."

Bara waccan, ya haura saba'in, Yaya ta ce ya huta, ya ƙi. Ana kunnen doki, wasa ya kusa tashi, ɗan wasanmu ya sheƙa wata ƙwallo. Ta wuce ta wajen turke, ta shiga ta wata ɓula a gefen raga, ta kwanta a ciki. Kowa ya gani. Mu kanmu mun dafe kai. Sai muka ji fiiit! Alhaji na nuna tsakiyar fili. Ci!

Kai, ranar na ga tashin hankali. Yaran Idi suka yi kansa, namu suka tare, aka fara cakumar riga. Wata Baturiya mai yawo da kare ta ciro waya. Kafin ka ce me, motar 'yan sanda ta rage gudu a bakin titi. Ku kun san a filin nan akwai mai takardar izinin zama, akwai wanda ke jira, akwai wanda ko jiran bai fara ba. Kamu ɗaya ya isa ya raba mutum da matarsa da 'ya'yansa. 

Alhaji Idi ne ya cece mu. Ya shiga tsakiya da babbar rigarsa ya buɗe hannu, ya ce, "Ya isa! Ƙwallo ta shiga. Ni na gani." Yaransa suka ce haba Alhaji. Ya ce, "Na ce ta shiga! Duk wanda ya ƙara magana ya nemi wani wurin aiki." Ya zo ya rungume ni da ƙarfi kamar mun shekara ba mu haɗu ba, yana murmushi yana ɗaga wa 'yan sanda hannu. Ya raɗa mini a kunne, "Sule, yi dariya. Tsohon nan ba ya gani. Tun ɗazu nake lura, da kunne yake bin ƙwallo."

Muka ɗauki kofi muka tafi gida ba daɗi. Ba wanda ya iya gaya wa Alhaji Hankaka. Ga shi shekarar ce aka fara duba bidiyo a manyan wasanni, abin da ya tsana kamar me. Yakan ce alƙalin da ke tambayar talabijin, gara ya zauna gida talabijin ɗin ta busa. Amina ce ta yi ƙarfin hali, ta samo hoton wasan a wayar wani ta miƙa masa. Ta ce ya kai wayar dab da hanci, ya nisanta ta, ya karkata kai. Sannan ya ce, "Amina, gaya mini abin da ke ciki." Ta gaya masa. Ya ce ta nema masa likitan ido.

Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga aiki, na tarar saman talabijin ɗina wayam. Matata ta ce Yaya Hankaka ya zo, ya gaishe ta, ya ɗauki kofi ya fita. Na bi shi Port Richmond. Ga keke a jingine, kofi a ɗaure a baya da igiyar roba, shi da Idi suna musu a ƙofar shago.

Idi na cewa, "Ba na karɓa. Kai ka ce hukuncin alƙali ba ya canzawa."

Ya ce, "Bai canza ba. Gana ya ci."

"To me ya kawo kofi nan?"

"Gana ya ci wasa. Kofi kuma na sace shi. Sata ba ta cikin dokar ƙwallo, wannan tsakanina da Allah ne."

Na ce, "Yaya, kofina fa!"

Ya ce, "Kai ƙara, Sule. Ga 'yan sanda can."

Har yau kofin na kan kantar Idi, a ciki yake zuba alawa. Alhaji bai ƙara busa wasa ba. Keken ma Yaya ta sa aka ɗaure shi da sarƙa, bayan ya gaishe da wata bishiya da goshi.

Wajen binciken idon ne likitoci suka gano ciwon da ya fi ido, wanda ya tafi da shi. Ina ɗakin ranar da likitar ta zo yi masa bayani, wata 'yar siririya mai sanyin murya. Ta yi ta kewaye-kewaye. Ya ce ta faɗa masa kai tsaye, saura nawa. Ta ce gaskiya ba za ta iya yanke masa lokaci ba, ba wanda ya sani.

Ya gyaɗa kai, ya juyo wajena ya ce, "Ka ji ƙwararre. A zamaninmu ma ba ma faɗa. Ka ci gaba da wasa kawai har ka ji an busa."

Na fita baranda na yi abin da Yaya ta hana ni sa ku yi yau.

Jiya muna kwashe kayansa na tsokane ta. Na ce, "Yaya, ke kam kin yi haƙuri. Shekara da shekaru da mutumin da bai taɓa yin kuskure ba." Ta ajiye rigar da take ninkewa ta ce, "Wa? Shi? Kullum da asuba shi ke raka ni tashar bas, yana riƙe da jakata, ko da idon ya tafi. Ni ke jan hannunsa, amma shi a dole shi ke raka ni. In bas ya zo sai ya ce, Ramatu, in na ɓata maka jiya ka yafe. Kullum fa, Sule. Ko bai yi komai ba." Ta ce yanzu in ta isa tashar sai ta rasa inda za ta sa jakar.

Allah ka ga bawanka Haruna. Ya zo mana baƙo a guje, ya zauna cikinmu ɗan'uwa. Allah ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka yi masa rahamar da ta fi adalci. Ka ba Yaya Ramatu da Amina haƙuri, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.